Yadda ake zaɓen janareta mara ƙara don tirelar kwana a daji

Duk wanda ya sayi ƙaramar tirelar kwana a nan Amurka, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya a kwashi iyali a tafi hutu daji, ba zai daɗe ba zai gane cewa ba kowane sansani ne ke da wutar lantarki ba. Mu da muke zaune a Denver, wuraren da suka fi daɗin kwana a tsaunukan Colorado yawanci babu inda za ka jona filogi. Sai batir, sai janareta. Ga yadda nake ba 'yan'uwa shawara idan suka tashi saye.

Da farko ka cire ranka daga janareta mai buɗaɗɗen ƙarfe, irin wanda muka saba gani a bakin shaguna a Kano ko Maraɗi. Yana da arha, yana da ƙarfi, amma injinsa na nan yana juyi 3,600 a minti ɗaya ko da caja ɗaya ka jona masa, ƙararsa kuma takan haura desibel 70. Dokar gandun dazuzzukan ƙasa ta Amurka ba ta yarda inji ya wuce desibel 60 ba idan aka auna daga tazarar mita 15, wato kusan ƙarfin muryar mutum biyu suna hira. Banda doka ma, wanda ya kafa tanti kusa da kai ya yi tuƙin awanni ne don ya ji kukan tsuntsu da motsin iska, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a cikin gari ba.

Abin da za ka nema shi ne janareta mai inbata, wato na'urar da ke daidaita wutar da injin ke fitarwa. Jikinsa a rufe yake, injinsa kuma yana rage gudu idan kaya suka yi sauƙi, shi ya sa ba ya ihu, ba ya shan mai. Wutarsa ma tsaftatacciya ce, ba ta cutar da waya ko kwamfuta. Nawa Honda EU2200i ne: nauyinsa kilo 21, ƙararsa tsakanin desibel 48 da 57, tankinsa bai kai lita 4 ba amma yana kai awa 8 idan kayan ba su da yawa. Yamaha da Champion su ma suna yin irinsa, na Champion ya fi sauƙin kuɗi.

Ka lura da yadda ake rubuta ƙarar a jikin kwali. Galibi daga mita 7 ake aunawa, kuma lambar da ake nuna maka da manyan baƙi ta lokacin da injin ke ɗauke da kwatan kayansa ce. Ka nemi ta cikakken kaya. Kada kuma ka raina ɗan bambanci, domin ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne girma, kuma maganar duk tana komawa kan na'urar sanyaya ɗaki. Fitilu da famfon ruwa batir ne ke ɗaukarsu, firji da abin ɗuma ruwa kuwa a yawancin tireloli kana iya mai da su kan gas. Idan cajin batir da waya kawai kake so, ƙaramin mai wat 2,000 ya wadatar har da saura. Amma na'urar sanyi ta kan rufi, mai BTU 13,500 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa ne) da aka fi sakawa, tana cin kusan wat 1,500 tana aiki, a daƙiƙar tashi kuma takan fizgi kusan ninki biyu. Lambar wat 2,200 da ke jikin nawa ta ɗan lokaci ce, abin da yake iya riƙewa dindindin wat 1,800 ne. Sannan ga tsauni. Injin fetur yana rasa kusan kashi 3.5 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, saboda ƙarancin iska. Denver kanta tana kan mita 1,600, sansanin Moraine Park a gandun Rocky Mountain kuwa ya kusa 2,500. A can injinka ya riga ya zubar da fiye da kwatan ƙarfinsa tun ba ka jona komai ba.

Mafita uku ce. Ko ka sayi babba mai wat 3,000, kamar EU3000iS, wanda shi ma ba ya ƙara, sai dai nauyinsa ya kusa kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi ya sa a bayan mota. Ko ka haɗa ƙanana biyu da wayar da aka yi don haka. Ko kuma ka sa wa na'urar sanyin abin sassauta tashi, irin su EasyStart, wanda ke hana ta fizgar wuta lokaci guda. Ni na uku na zaɓa, kuma shi nake gaya wa kowa ya fara gwadawa: inji ɗaya, mai kaɗan, bayanka lafiya. Sharaɗin dai kada a kunna wani abu mai cin wuta yayin da na'urar sanyin take aiki, kuma can saman tsauni, inda ƙarfin injin ya ragu, ƙila ba zai iya riƙe ta ba. Filogin tirela mai amfiya 30 ba ya shiga soket ɗin ƙaramin janareta, don haka ka sayi mahaɗinsa tun a shagon.

Akwai masu aiki da fetur da gas duka. Gas ba ya lalacewa a ajiye, ba ya toshe kafireto, amma ƙarfin injin yana ɗan raguwa, abin da mai hawa tsauni ya kamata ya sa a lissafi. Ka tabbatar kuma akwai ragar tare tartsatsi a bakin salansa, domin ba a yarda da inji mara ita a dazuzzukan gwamnati ba, kuma wanda ya ga gobarar daji a Colorado ya san dalili.

Batun hayaƙi, don Allah kada ka yi sakaci da shi. Iskar kabon monoksayid ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Ka ajiye janareta aƙalla mita 6 daga tirela, salansa na kallon nesa da tagoginka da tantin maƙwabci. Kada ka cusa shi ƙarƙashin tirela don gudun ruwan sama, kada ka rufe shi a akwati don rage ƙara. Sababbin injuna da yawa suna kashe kansu idan iskar ta taru, irinsu za ka saya, ka kuma gwada ƙararrawar hayaƙin da ke cikin tirela kafin kowace tafiya.

A sansanonin gwamnati lokacin shiru yakan fara daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, wasu ma sun ware wa janareta awanni kaɗan da rana, don haka ka karanta allon da ke bakin shiga, ka cika batir da hantsi. Idan kaka ta ƙare za ka ajiye injin, ka tsiyaye man kafireto, domin fetur ɗin nan mai haɗin itanol yana yin danƙo idan ya yi watanni a zaune.