Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran birki, salansa da giyar tsohuwar motar tsere

Duk wanda ya samu irin tsofaffin motocin nan masu ƙofa biyu, su Celica, Prelude, 240SX, AE86 ko BMW E36, abu na farko da yake zuwa masa shi ne ya ƙara mata gudu da ƙara. Motar ta haura shekara talatin, robobinta duk sun bushe, man birkinta ya koma baƙi, amma mutum salansa mai ƙaton baki yake nema. Yawancin matsalolin da za ka ji ana kuka da su daga nan suke farowa, an ɗora sabon kaya a kan tsohon da ba a gyara ba.

Bari mu fara da birki tunda shi ne rai. Mutum zai ji birki ya yi laushi ko yana sakewa in an sauko gangare mai tsawo, sai kawai ya yanke hukunci kalifa, wato abin da ke matse faifan birki a jikin taya, ita ce ta yi ƙanƙanta, a nemo manya. Malam duba mai tukuna. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan ruwa daga iska a hankali, ko motar tana ajiye. DOT 4 sabo sai ya kai wajen digiri 230 na Celsius kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa zai iya tafasa a 155, kuma da zarar ya tafasa kumfa ce ta shiga layi, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Duk shekara biyu a zubar a zuba sabo, shi ke nan. Sai kuma masu ganin DOT 5 su ɗauka ai ya fi 4 tunda lambarsa ta fi girma, a'a, shi DOT 5 na silikon ne ba ya haɗuwa da sauran, wanda yake haɗuwa da 3 da 4 shi ne DOT 5.1, ka karanta jikin robar da kyau kafin ka juye.

Wajen cire iska daga layin birki ma akwai ɓarnar da ake yi wa tsofaffin motoci ba a sani ba. Ana sa yaro a ciki ana ce masa taka, riƙe, saki, shi kuma yana danna fedar har ta daki ƙasa. To fistin ɗin masta, wato silindar da feda ke dannawa ta tura mai zuwa tayoyi, shekara da shekaru iya rabin hanya yake tafiya, can gaba inda bai saba zuwa ba tsatsa da datti sun taru, da ka tura shi can sai robar ta yage, ka gama aiki birki ya fi da lalacewa ka rasa dalili. Sa ɗan katako a ƙarƙashin fedar don kar ta kai ƙarshe, kuma kar ka bari kofin man ya ƙafe, in ya ƙafe ka koma farko. Yawancin motoci daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa amma ba duka ba, duba littafin motarka. Wani abin dariya kuma da yake faruwa sosai, a kwance kalifa biyu a wanke a mayar da ta dama hagu ta hagu dama, komai zai ɗauru daidai, amma ɗan notin fitar da iska ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ko kwana za ka yi kana bugawa ba za ta fita ba.

Tiyon roba da ke zuwa kalifa shi ma ana raina shi. Daga waje lafiya lau, ciki kuwa ya ruɓe ya toshe, mai yana shiga da ƙarfin ƙafarka amma ba ya iya komawa, sai taya ɗaya ta riƙa riƙewa, rim ya yi zafi, mota tana ja gefe. In ka kwance notin iskar mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, to ba fistin ɗin kalifa ba ne ya maƙale, mai ne ya kasa komawa, kuma yawanci tiyon ne. Sandunan da kalifa ke zamewa a kai kuma giris na silikon ake sa musu, giris ɗin boris yana kumbura robar su maƙale.

Sai karkarwar sitiyari in an taka birki, kowa ya ce faifai ya lanƙwashe, a canza, bayan wata biyu ta dawo. Sau da yawa tsatsar da ke fuskar hob, inda faifai da taya ke zama, ita ce ba a goge ba aka ɗora sabon faifai a kai, ya zauna a karkace da ɗan abin da ido ba ya gani. A goge wurin har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure notin taya a gicciye da sifana mai awo ba da bindigar iska ba. Sabon fad, wato takalmin birkin da ke gugar faifai, shi kuma yana so a zaunar da shi, ka yi ta rage gudu da matsakaicin ƙarfi sau da yawa ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. Fad na filin tsere a motar yawo cikin gari kuwa asarar kuɗi ce ni a ganina, wasunsu sai sun yi zafi suke kamawa da kyau, ga ƙara ga cin faifai.

In kuma lallai sai ka sa manyan kalifa, kamar yadda masu 240SX suke ɗauko masu fistin huɗu na 300ZX, ka sani ba gaba kaɗai ake dubawa ba. Manyan fistin mai da yawa suke sha, in masta ta yi musu ƙanƙanta feda za ta yi tsawo, sannan rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya ya canza. Kuma dai abin da yake tsayar da mota a ƙarshe taya ce, in tsohon birkinka yana iya kulle tayoyin to manyan kalifa ba za su rage maka nisan tsayawa a taka ɗaya ba, zafi kawai za su fi jurewa.

Salansa. Babban kuskure shi ne girman bututu, wai iya faɗi iya ƙarfi. Injin lita biyu marar turbo aka sa masa inci 3, sai hayaƙin ya rasa gudu a cikin bututun, motar ta yi nauyi a ƙasa ƙasa inda kake tuƙi kullum, ka samu ƙara kawai. Wajen inci biyu da kwata zuwa biyu da rabi ya wadatar da irin wannan injin, mai turbo ne yake son faɗi. Masu yanke ƙaramin tulun da ke tsakiya su ma suna dana sani, don shi ne yake kashe gurnanin nan da ke cika cikin mota a doguwar hanya har kai ya yi ciwo.

Cire katalis kuma, wato tulun da ke tace gubar hayaƙi, ban da cewa doka ta hana a ƙasashe da yawa, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da sensar auna hayaƙi ɗaya a gabansa da ta biyu a bayansa, kana cirewa wutar inji za ta kama a dashbod ta zauna, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba tunda dama wutar a kunne take. Sannan in akwai ɗan yoyo a manifol, inda hayaƙi ke fitowa daga inji, kafin sensa ta farko, iska tana kutsawa, birenbos ya ɗauka mai ya yi kaɗan ya ƙara, mota ta yi ta shan mai fulogi yana baƙi, a yi ta canza sensa a banza alhali gaskit ne ya ƙone. Kusoshin manifol na tsohuwar mota kar ka hau su da ƙarfi, ka jiƙa su da man tsatsa tun daren jiya, ka ɗan gasa, ka riƙa kwancewa kana mayarwa kaɗan kaɗan, in ɗaya ya karye a cikin kan inji aikin awa ɗaya ya zama na kwana biyu. Wajen ɗaurawa a rataye komai sako sako tukuna sannan a matse daga gaba zuwa baya, a tabbata bututun bai kusanci layin mai ko na birki ba. Warin hayaƙi a cikin mota kuwa ba abin wasa ba ne, iskar da take kisa a cikinsa ita kanta ba ta da wari.

Giya kuma, ka fara kwance notin zuba mai kafin na zubarwa. Mutane da yawa sun zubar da man tas sannan suka tarar na saman ya ƙi motsi, ga mota a kan jak ba mai a ciki. Irin man ma ana kuskure, giyabos da aka rubuta wa GL-4 a zuba masa GL-5 wai ya fi ƙarfi, shi GL-5 don difaransha, mai raba ƙarfi ga tayoyi, aka fi yin sa, zobban tagullar da ke daidaita gudun giya kuwa suna buƙatar su ɗan kama, in man ya hana su sai giya ta biyu ta fara ƙara musamman da safe. Honda ma nata man na daban take so. Kuma ba duk ƙarar giya ba ce giyabos, in ribas da ta ɗaya suna wuyar shiga a tsaye duba mastar kulochi da ƙaramar silindarsa, wataƙila kulochin ne ba ya saki gaba ɗaya. Sandar giya mai lilo kuma bushin ne suka mutu, gajeren hannu na tsere ba zai gyara wannan ba.

In an sauke giyabos don kulochi, a canza boris ɗin saki da ɗan ƙaramin da ke tsakiyar fulawil, faifan injin da kulochi ke kamawa, da oyil sil na bayan inji duk a lokaci guda, a gyara fuskar fulawil ɗin, kuɗinsu bai kai wahalar sake saukewa ba. Kulochi mai ƙarfin gaske a injin da ba a ƙara wa komai ba kuwa ƙafarka ce kawai za ta sha wuya a cunkoso. Wajen mayarwa in giyabos ya ƙi zama ya rage ɗan tazara, kar ka ja shi da kusoshi, kuma kar ka bar nauyinsa ya rataya a kan shaf ɗinsa da ke shiga cikin kulochi, faifan kulochin ne bai zauna a tsakiya ba ko haƙoran ba su haɗu ba, ja da baya ka ɗan juya shaf ɗin ka sake gwadawa har ya shige da kansa.