Matakan fita da ƙananan yara kallon halittu a Kaduna

Iyaye da malaman ajin rainon yara sun sha tambayata yadda ake fita da 'yan shekara 3 zuwa 5 su kalli halittun Allah. Ga matakan.

1. Ku zaɓi wuri mai inuwa, ko gindin mangwaron tsakar gida, ko lambun Gamji da ke bakin Kogin Kaduna.
2. Ku fita da hantsi, kafin rana ta take.
3. Ku sa wa kowane yaro takalmi.
4. Ku ce kowa ya tsinto ganye uku masu siffa daban-daban.

Hattara: kada yaro ya karya tumfafiya, domin farin ruwanta yana cutar da ido ƙwarai.

5. Ku zuba ɗan sukari kusa da ramin tururuwa, ku durƙusa tare da yaran, ku ga yadda kowace take ɗaukar ƙwaya ɗaya ta bi sawun 'yan'uwanta. A nan na fi son a daɗe, kuma a bar yara su yi ta tambaya.
6. Kada ku bar yaro ya ɗaga dutse da hannu, domin kunama tana ɓuya a ƙarƙashinsa.
7. Ku wanke musu hannu da sabulu.