Yadda Ake Ziyartar Tashar Jiragen Ruwa ta Tristan da Cunha

Mutumin Gombe ko Bauchi da ke son ganin tashar Calshot, wadda ta nan ne kayan masarufi ke shiga tsibirin Tristan da Cunha da ke can tsakiyar kudancin tekun Atlantika, sai ya fara neman izinin majalisar tsibirin tun watanni kafin tafiya, domin ba a sauke baƙo ba tare da shi ba. Daga nan ya nemi bizar Afirka ta Kudu, ya bi ta Abuja ko Legas zuwa Cape Town, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa tsibirin.

Tsibirin ba shi da filin jirgin sama, saboda haka tafiyar kusan kilomita 2,800 ce a teku, kimanin kwana shida, kuma kujerun fasinja kaɗan ne, mazauna tsibirin ake fara bai wa. Ga wanda bai san ruwan da ya wuce na Dadin Kowa ba, maganin jiri wajibi ne.

Tashar ƙarama ce ƙwarai, manyan jirage ba sa shiga cikinta. A nesa suke tsayawa, ƙananan kwale-kwale su yi jigilar mutane da kaya, kuma idan teku ta yi fushi sai a jira kwanaki. Idan an sauka, a nemi ɗan gari ya nuna daskararren dutsen da aman wuta na 1961 ya bari kusa da ƙauyen da mutanen tsibirin ke zaune.