Yadda ake bin sawun kiɗan rawar gargajiya na Amurka

A ƙauyukan tsaunukan Appalachia, mai goge (gogen Turawa, wato violin) da kunne yake gadon kiɗa, ba da takarda ba. Shi ya sa gano asalin kiɗa ɗaya yake son haƙuri. Mu ɗauki "Soldier's Joy", wanda da wuya ka sami mai goge a can da bai iya shi ba.

Da farko ka haddace kiɗan har ya zauna maka a ka. Gaɓa biyu ne, kowace ana maimaita ta. Su za ka riƙe, kada ka dogara da suna, domin suna yana sauyawa daga gari zuwa gari. Wasu "King's Head" suke ce wa wannan.

Daga nan sai tsofaffin faya-fayai. Ƙungiyar Skillet Lickers ta jihar Jojiya ta naɗi kiɗan a 1929. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka kuma ya sa naɗe-naɗen makaɗan karkara a intanet, ciki har da waɗanda mai bincike Alan Jabbour ya ɗauko daga wajen tsohon mai goge Henry Reed na Bajiniya a 1966 da 1967. Duk wanda ka saurara, rubuta garinsu, shekarar naɗin, da wanda ya koya masa. Ni wannan mataki na fi so, domin salsalar malamai ce kake haɗawa.

Sai ka tsallaka teku. Rumbun Traditional Tune Archive da ke intanet zai nuna maka littattafan rawa na Ingila da Sikotilan na ƙarni na 18 da suka buga kiɗan. Mawaƙin Sikotilan Robert Burns ma ya ɗora baitoci a kansa a 1785.

Yanzu ka auna labaran baka da waɗannan shekaru. Ana yawan cewa sunan ya fito daga mofin, maganin kashe zafin ciwo da ake ba sojojin da suka ji rauni a yaƙin basasar Amurka. To, yaƙin ya fara ne a 1861, shekara 76 bayan Burns. Labarin na iya bayyana baitocin da aka ƙara daga baya, amma kiɗan ya girme shi.

Kada kuma takardun Turai su sa ka manta da banjo, abin kiɗa mai tsirkiya da ke raka gogen. 'Yan Afirka da aka bautar ne suka ƙirƙiro shi, kuma akonting, abin kiɗa mai kama da molo na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya, danginsa ne. Ka sake sauraron faifan, wannan karon kunnenka na kan bugun.