Kurakuran da ake yi da Chablis, farar giyar inabin Faransa

Duk wanda ya samu aiki a babban otal, a Abuja ne ko a Yamai, ba zai daɗe ba zai ci karo da kwalbar da aka rubuta Chablis a jikinta. Kuskuren farko a baki yake: ba a furta harafin ƙarshe, "Shabli" ake cewa. Wannan da sauƙi, baƙo zai yi murmushi ya wuce.

Wanda ba shi da sauƙi shi ne a ɗauke ta kamar ruwan inabin nan mai kumfa da ake rabawa a wajen biki, wanda babu barasa a ciki. Launinta fari-fari ne da ɗan kore, kamar lemo, to amma giya ce sosai, barasarta kan kai kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Idan wani dattijo ya nuna kwalbar ya ce, "Yaro, wannan lemo ne?" kada ka yi kwana-kwana. Ka ce, "A'a, ranka ya daɗe, giya ce." Haka ma a kicin. Faransawa suna zuba irinta a romon kifi, kuma mutane da yawa sun ɗauka wuta tana kore barasar gaba ɗaya. Ba ta korewa. Miyar da ta ɗan tafasa na mintoci kaɗan tana riƙe da kaso mai yawa. Musulmin da ya tambaya yana da haƙƙin a gaya masa tun kafin a ajiye masa kwano.

Sai batun sanyi, inda aka fi yin ɓarna. Da yake ƙasarmu zafi, sabon ma'aikaci yakan jefa kwalbar a firiza har ta yi raɓa, wani ma ya ƙara ƙanƙara a tambulan. Sanyi mai tsanani yana kulle ƙanshinta, ɗan ƙanshin lemun tsami da ɗanyen tuffa da ake biyan kuɗi dominsa, sai tsami kawai ya rage. Digiri 10 zuwa 12 ya isa. A fito da ita daga firji ta ɗan huta kafin a zuba. Ajiya kuwa, kwalbar da ta yi wata a sito mai zafin Afrilu ta riga ta lalace, komai tsadarta.

A wajen abinci, kada ka haɗa ta da tsire mai yaji ko farfesun da ya ji attarugu. Barasa tana ƙara wa barkono zafi, barkonon kuma ya danne ɗanɗanonta. A Faransa da ɗanyar kawa (wata halittar teku mai ɓawo biyu) ake shanta, ko gasasshen kifi, ko cukun akuya. Ba ta da zaƙi ko kaɗan, don haka mai neman abin zaƙi a nuna masa wata.

Wasu kuma suna zaton Chablis sunan inabi ne. Sunan gari ne ƙarami a arewacin yankin Burgundi, kusan kilomita 180 kudu maso gabas da Paris, a bakin kogin Serein. Inabin Chardonnay ne kaɗai ake amfani da shi, kuma tun 1938 doka ta kare sunan. Ƙasar wurin farar ƙasa ce haɗe da laka, cike da ɓawon ƙananan kawa da suka zama dutse, domin a can dā teku ne. Sanyin wurin ne yake sa inabin bai cika zaƙi ba, sanyin da a watan Afrilu yakan sa manoma su kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin layuka don kada sabon toho ya daskare, kamar yadda aka yi a 2021.

Matakan darajar Chablis huɗu ne, daga ƙasa zuwa sama: Petit Chablis, Chablis, Premier Cru, sai Grand Cru, wadda ake samu daga gangare guda mai kashi bakwai, irin su Les Clos da Valmur. Idan ka ga ƙatuwar kwalba mai araha daga Amurka an rubuta Chablis a jikinta, sunan kawai aka ara. Juya kwalbar ka duba ƙasar da aka yi ta kafin ka kai wa baƙo.