Naman Kaza na Daji: Inda Muke Kuskure Daga Tsinta Zuwa Tukunya

Da zarar damina ta kankama a Maiurno da ƙauyukan gefen Sinnar a ƙasar Sudan, za ka ga yara sun dawo daga daji da ƙwarya cike da naman kaza. Abu ɗaya iyaye ke dubawa: na ci ne ko laimar kwaɗi mai guba? To, na cin ma yana iya zuwa da cuta. Saiwarsa mai kama da zaren auduga tana shimfiɗe cikin ƙasa tana zuƙar ƙarafa masu guba irin su zaiba da kadmiyam da dalma, kuma ya fi yawancin kayan lambu tara zaiba da kadmiyam.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ba ma tambayar inda aka tsinto shi. Wurin da ake niƙa dutsen zinariya ana haɗa shi da zaiba, da gindin tulin karta, wato ragowar niƙaƙƙen dutsen da aka cire wa zinariya, da kwarin da ruwan sama ke gangaro da laka daga can, duk a ƙaurace musu, komai kyan abin da ya tsiro. Haka bakin kwalta da jujin da ake ƙona tsofaffin batura. Wanda ya tuna Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400, ya san ƙasa tana riƙe dafi ba tare da ta sauya kala ba.

Bara na iske gwaggona tana juye ruwan da ta tafasa naman kaza da shi cikin miya. Na ce, "Gwaggo, a zubar da wannan." Ta ce, "Ɗana, ai wuta ta cinye komai." Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ƙarfe ba ya ƙonewa. A yanke gindin da ya taɓa ƙasa, a wanke, a tafasa, a zubar da ruwan farko. Hakan ragewa yake yi, bai mayar da na wurin haƙa ya zama na ci ba.

Shanyawa ma tana ruɗinmu. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyensa ruwa ne, ruwan ne ke bushewa, ƙarfen yana nan, don haka a nauyi awo ɗaya na busasshe ya kai kusan goma na ɗanye. A rage awo.

Sai masu cewa, "Shekara nawa muna ci, ba abin da ya same mu." Kadmiyam yana zama a ƙoda sama da shekara 10 kafin rabinsa ya fita, dalma kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a ɓoye. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara, in ba a san gurbin da aka tsinto shi ba, a zuba musu miyar ba shi.