Darasi na 9: Zaɓen iccen fure don tsakar gida mai rana

A wannan darasi za mu koyi yadda ake zaɓen iccen da ke yin fure, a dasa shi a tsakar gidan da rana ke duka tun hantsi har la'asar. Mu karanta a hankali. Inda muka ga lamba, mu tsaya mu rubuta ta a littafinmu.

A fara da lissafin ruwa

Mai sayen dashe yakan fara duban fure. A Damagaram ruwa ya kamata a fara dubawa. Ruwan saman da muke samu a shekara wajen milimita 400 ne, kuma kusan dukansa yana sauka tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watanni 8 icce yana hannun mutanen gida. A Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. A lokacin ne ruwan famfo ke ƙaranci, bido ya yi tsada a wurin ƴan garuwa. Sau da yawa dashen da ya yi kore shar a Agusta, a waɗannan watanni biyu yake bushewa.

To, kowa ya tambayi kansa: a tsakiyar bazara, bayan an sha, an dafa, an yi wanka, lita nawa gidana zai iya ba icce a mako? Ƙaramin dashe yana son kamar lita 10, sau 2 ko sau 3 a mako, har ya yi rani biyu. Wanda ba zai iya wannan ba, kada ya fasa. Akwai itatuwan da suka dace da shi, za mu zo kansu.

A auna wuri da ƙafa

Ka tsaya inda kake son dasawa. Ka ƙirga taku nawa ne zuwa katanga, zuwa ɗaki, zuwa masai, zuwa rijiya. Takun babban mutum bai cika mita 1 ba, amma ya kusa. Ka ɗaga kai ka duba ko akwai wayar lantarki. Saiwa tana bin laima, shi ya sa take nufar masai da gindin randa. Katangar laka kuwa ba ta jimre wa babbar saiwa ba.

Sannan ƙasa. Wanda ya san Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san yadda duwatsu suke a garin nan. Wani gida rairayi ne mai zurfi, wani kuwa kana haƙa kamu ɗaya sai ka ji diga ta yi ƙara. Ka haƙa rami, ka zuba bokitin ruwa. In ya shige nan da nan, rairayi ne, yana son taki da yawa. In ya kwana bai tsotse ba, akwai dutse ko yumɓu a ƙasa, sai a canza wuri.

Itatuwan da za a zaɓa

Lalle. Shi nake sa wa a gaba ga ƙaramin gida. Yana son rana, yana jimre wa ƙishi, ba ya girman da zai ture katanga. Furensa ƙanana ne farare, ba su da ɗaukar ido, amma ƙamshinsu yana cika gida da maraice. Ganyensa kuma mata sun san amfaninsa ranar biki da ranar salla. Ana dasa shi da iri, ana kuma yanko reshe a kafa. In ya tsufa yakan yi ƴar ƙaya a bakin rassa, sai a riƙa yi masa aski. Taku 2 daga katanga ya isa.

Zogale. Shi ne mai sauri. Tun bai cika shekara ba yakan fitar da fure fari mai ƙamshi, zuma su yi ta zuwa. Ga ganye na kwaɗo da miya. Aibinsa biyu: inuwarsa ba ta da kauri, kuma reshensa yana karyewa in iska ta taso. In ya kai tsayin ƙirjin mutum a datse kansa, don ya yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai. Ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa.

Rumman. Furensa ja ne mai haske, bayansa kuma ga ƴaƴa. Ƙaramin icce ne, rana ba ta damunsa. Zai rayu da ruwa kaɗan, amma in ana son ƴaƴa masu kyau sai an shayar da shi a kai a kai.

Jirga. Iccen dajinmu ne, ya saba da farinmu. Furensa fari ne mai ratsin ɗorawa, ganyensa ƙanana. Ga gidan da ruwa ke wuya ƙwarai, jirga ba za ta ba ka kunya ba. Awaki suna son ta sosai, sai an kare ta.

Filambuwayan. Wannan shi ne wanda ke sa mutum ya tsaya a hanya. A ƙarshen rani, lokacin da kome ya yi fari fat da ƙura, sai ya lulluɓe da jan fure kamar garwashi. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. Ina son iccen nan, amma dole a faɗi gaskiyarsa. Rassansa suna buɗewa har su kai mita 10. Saiwarsa tana bin saman ƙasa, tana ɗaga daɓe, tana tsaga katanga. Yana zubar da ganye a rani, wato lokacin da aka fi son inuwa. Yana son ruwa fiye da duk waɗanda muka ambata, kuma wanda aka shuka da iri yakan yi shekara 4 ko 5, wani lokaci fiye, kafin furen farko. Ya dace da babban gida, ko filin makaranta, ko ƙofar gida mai faɗi. A bar masa aƙalla taku 7 daga kowane gini. In tsakar gidanka duka taku 8 ce, ka haƙura da shi, ka je ka kalle shi a inda yake.

Dogon yaro kowa ya san shi, inuwarsa ba ta yankewa, ƙananan furanninsa suna da ƙamshi. Shi ma babba ne, yana son nesa da gini. Bagaruwa tana da furen ɗorawa mai daɗin ƙamshi, majema kuma suna neman ƴaƴanta, amma ƙayarta ba ta dace da inda yara ke yawo ba takalmi ba. Haka gawo: darajarsa a gona take, inda yake gyara ƙasa, ba a tsakar gida ba.

Masu guba

Kariya tana yin fure mai kyau a tsakiyar rani, ba ta neman ruwa sai kaɗan. Amma ruwan jikinta guba ne, har mutanen da suna sa shi a dafin kibiya. Akwai kuma wani iccen ado mai siririn ganye da furen ɗorawa mai siffar ƙararrawa. In an karya reshensa farin ruwa ke fita. Ƙwallonsa yana iya kashe yaro ko akuya. Gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi sake, kada a dasa waɗannan. Duk iccen adon da ke fitar da farin ruwa, a tambayi ma'aikatan gandun daji kafin a kai shi gida.

Karatu: a wurin mai dashe

“Salamu alaikum. Sannu da aiki, ɗana.”

“Amin, alaikumus salam. Sannu da zuwa, Inna. Ina gajiya?”

“Babu gajiya. Iccen nan mai jan fure, filambuwayan, nake so.”

“Akwai shi, Inna. Tsakar gidan taku nawa ce?”

“Jikana ya auna, taku 9 ce. Akwai masai a kusurwa.”

“Wallahi Inna, zai yi maki ɓarna. Ruwa fa, famfo ne ko saye?”

“Saye muke yi.”

“To ki ɗauki lalle ɗaya da rumman ɗaya. Rumman ma jan fure yake yi.”

“Ba ni wancan dogon.”

“A'a Inna, ya daɗe a leda, saiwarsa ta naɗe. Ga wannan gajeren, ganyensa lafiyayye ne.”

“Allah ya yi maka albarka.”

“Amin, Inna. Allah ya raya.”

Yaron nan ya yi gaskiya. Dogon dashe ba shi ne mai kyau ba. A duba ƙasan leda: in saiwa ta huda ta fito da yawa, a bar shi. Dashen da tsayinsa ya kai santimita 30 zuwa 50 ya fi saurin kamawa.

Yadda ake dasawa

Lokaci mai kyau shi ne bayan damina ta zauna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta. A nan Nijar ranar 3 ga Agusta ce ranar dashen itatuwa, tun shekarar 1975. Wanda ya jira har Satumba ya makara, don ruwan sama ba zai taimake shi ba.

A haƙa rami kamu ɗaya a faɗi, kamu ɗaya a zurfi, wato wajen santimita 50. A gauraya ƙasar saman da taki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke leda da wuƙa a cire ta duka, ba tare da an watsa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. Kada a binne wuyan dashe, a bar shi daidai yadda yake a leda. A danna ƙasa da hannu, a yi masa ɗan kwari a kewaye, a zuba ruwa. Da maraice ake wannan aiki. A ranar nan ɗin a yi masa shinge, don akuya ba ta jiran gobe.

Ga dabarar rage ruwa. A binne tulun ƙasa kusa da dashe, a bar bakinsa a waje, a cika shi, a rufe. Ruwa zai riƙa tsatsowa kaɗan kaɗan zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye, amma kada ta taɓa jikin icce, saboda gara. Ruwan alwala da ruwan wankin hatsi duk suna da kyau. Ruwan wanki mai sabulu da yawa kuwa yana ɓata ƙasa, a zubar da shi nesa. Shayarwa mai yawa sau 2 a mako ta fi yayyafi kullum, don tana sa saiwa ta nutsa ƙasa.

Aikin yi

1. Rubuta sunan itatuwa 3 da suka dace da ƙaramin gida.

2. Dashe yana shan lita 10, sau 3 a mako. Lita nawa ke nan a mako 4? Bido nawa ne, in kowane bido lita 20 ne?

3. Me ya sa mai dashe ya hana Inna filambuwayan?

4. Auna tsakar gidanku da taku. Zana ta a takarda, ka nuna ɗaki, masai da randa. Sa alama inda za ka dasa, ka rubuta sunan iccen. Ka zo da takardar a darasi mai zuwa.